Tambaya da Amsa: Farantin sola na kan kwale-kwale ya daina cika batir

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Zongo, nan Accra, kuma ina da hannun jari a wani babban kwale-kwalen kamun kifi da ke tashi daga bakin ruwan Jamestown. A bara na sayi farantin sola mai wat 100 da ƙaramar kwantirola (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faranti), aka ɗaura su a kan jirgin domin su riƙa cajin batura biyu masu amp 100 kowanne, waɗanda aka haɗa wuri ɗaya. Ɗaya sabo ne, ɗayan kuma na ciro shi daga tsohuwar motata. Da su masunta suke kunna ƙwayayen fitila huɗu masu wat 10 da dare, suna cajin wayoyi kamar takwas, suna kuma kunna rediyo da na'urar nuna hanya. Farantin yana gaban jirgi, baturan suna baya kusa da inji, tsakaninsu ya kai mita shida. Da farko komai lafiya, amma yanzu ko tsakar dare ba a kaiwa wuta ta mutu, kuma da tsakar rana kwantirola amp 1.8 kawai take nunawa. Wani mai gyara ya auna farantin ya ce lafiyarsa ƙalau tunda yana ba da volt 20, wani kuma ya ce jabu aka sayar mini, in sayi sabo. Wanne zan bi?

Mai karatu daga Sabon Zongo

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a cikin sana'a. Shawarata ta farko ita ce kada ka fitar da ko sidi ɗaya a kan sabon faranti tukuna, domin babu ɗaya daga cikin masu gyaran nan biyu da ya yi awon da zai ba shi damar yanke hukunci. Wanda ya ce farantin lafiya yake ya auna volt ne kawai, alhali faranti mai tsagaggun ƙwayoyi (ƙananan yankunan nan da ake gani a jere a ƙarƙashin gilashinsa) ko ruɓaɓɓen haɗi a ciki yana iya nuna volt 20 cif matuƙar ba a ɗora masa kaya ba, sai an nemi ya tura wuta sannan asirinsa ya tonu. Wanda ya ce jabu ne kuwa zato ya yi.

Akwai lamba ɗaya da ba ka kawo ba, kuma ita ce ta fi sauran muhimmanci: volt nawa kwantirola take nunawa a gefen batir a daidai lokacin da take nuna amp 1.8? Idan ta nuna 14.2 zuwa 14.4, to kwantirolar ce da kanta take rage wutar, saboda a ganinta batir ya kusa cika, kuma a nan farantin ba shi da laifi. Idan kuwa ta nuna 12.2 ko 12.5 amma wutar da ke shiga ba ta kai amp biyu ba, to batir yana jin yunwa, abincin ne ba ya isowa, sai a nemi matsalar daga faranti zuwa waya zuwa kwantirola. Wannan awo ɗaya ya raba hanya gida biyu, kuma duk mai gyaran da ya tsallake shi lalube yake yi cikin duhu. Ranar Talata, da masuntan bakin teku ba sa fita bisa al'ada, ita ce ranar da ta dace ka je da mitar awon wuta da wanda ya iya riƙe ta, tsakanin ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe ɗaya na rana, ku bi abin daki-daki.

Kafin awon, yana da kyau ka san abin da ya kamata ka sa rai da shi, domin da yawa daga cikin masu sayen sola suna ɗaukar lambar da ke jikin faranti a matsayin alkawari. Ana samun wat 100 ɗin nan ne a ɗakin gwaji, inda hasken da ke sauka ya kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin ƙwayoyin farantin kuma bai wuce digiri 25 ba. Idan ka juya bayan farantin za ka ga takarda mai lambobi, kuma a irin wannan girman yawanci za ka tarar da kusan volt 18 da amp 5.5 a lokacin da yake aiki da cikakken ƙarfinsa, da volt 21 zuwa 22 idan ba a haɗa shi da komai ba. Ƙaramar kwantirola irin wadda ka bayyana kusan tabbas nau'in PWM ce, wadda aikinta shi ne ta haɗa faranti da batir kai tsaye tana yankewa tana mayarwa, saboda haka farantin yana sauka zuwa volt ɗin batir. Amp 5.5 a kan volt 13 kuwa wat 70 da 'yan kai ne. Ke nan ko da komai sabo ne fil, abin da za ka gani da tsakar rana mai haske shi ne amp biyar zuwa biyar da rabi. Naka 1.8 kashi ɗaya ne cikin uku na wannan, don haka lallai akwai abin da ya lalace, sai dai in hadari ko hazo ne ya rufe sama a ranar da aka duba.

Ku fara da ido kafin ku taɓa mita. Kwale-kwalen bakin tekunmu sun shahara da tutoci da sanduna da igiyoyi, ga taru da ake jibgewa, ga rigunan da masunta suke shanyawa idan an dawo da safe. Duk wannan ado abokin gabar sola ne. Faranti irin naka yawanci ƙwayoyi 36 ne da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kamar leburori da suka yi layi suna miƙa wa juna kwanon kankare a wurin gini: idan ɗaya ya tsaya, abin da ke isa sama ya tsaya, komai ƙarfin sauran. Inuwar tuta guda da ta rufe ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya zubar da fiye da rabin wutar. Gaskiya ne cewa a cikin baƙin akwatin da ke bayan faranti akwai ƙananan diyod da ke bai wa wuta hanyar kewaye ɓangaren da inuwa ta rufe, amma a tsarin volt 12 mai faranti ɗaya wannan ba ya ceto, domin idan aka kewaye rabin ƙwayoyin, ragowar volt tara ko goma ba za su iya tura komai cikin batir ba. Saboda haka ka tsaya ka kalli farantin da ƙarfe goma, da sha biyu, da ƙarfe biyu, ka ga inda inuwa take bi. Ka tuna kuma cewa Accra tana kusan digiri biyar da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana ɗan karkata arewa da tsaka, a sauran watannin kuma tana karkata kudu. Wurin da babu inuwa a watan Disamba yana iya samun ta a watan Yuni.

Sai fuskar gilashin. Ruwan teku da ya fantsama ya bushe yana barin farin gishiri wanda ba a cika lura da shi ba sai an shafa yatsa an ga sawu, kuma a kansa ne ƙura da ɓawon kifi da kashin tsuntsaye suke mannewa. Kashin tsuntsu guda a kan ƙwaya ɗaya inuwa ce da ba ta gushewa, har tana sa wannan ƙwayar ta yi zafi fiye da sauran ta ƙone a hankali. A wanke da ruwan famfo ko na leda da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba lokacin da gilashin ya ɗauki zafi ba. Ku duba amp kafin wankin da bayansa, domin ku san nawa datti yake ci.

Idan an kawar da inuwa an kuma wanke, sai a zo kan awo. A cire wayoyin faranti daga kwantirola, a sa mita a kan volt, a taɓa bakunan biyu. A cikin zafin rana irin namu volt 19 zuwa 21 shi ne daidai. Idan aka ga goma ko sha ɗaya, alama ce cewa ɗaya daga cikin diyod ɗin akwatin baya ya ƙone ya haɗe, kuma wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi wanda mai gyaran rediyo ma zai iya yi. Bayan haka sai awon da mai gyaranka na farko ya bari: a mayar da jar wayar mita ramin amp 10, a juya mitar zuwa amp, a rufe farantin da kwali, a haɗa bakunansa biyu ta cikin mitar, sannan a yaye kwalin na ɗan lokaci a karanta. Faranti ɗaya mai wat 100 yana jure wannan ba tare da wata illa ba, kuma ya kamata ya nuna amp biyar zuwa shida idan sama ta washe. Ina jaddada cewa wannan awo na faranti ne kaɗai. Duk wanda ya gwada shi a kan batir zai ƙone mitar, wataƙila har da hannunsa. Idan farantin ya ba da amp biyar, ka wanke shi daga zargi. Idan bai kai uku ba duk da tsabta da hasken rana, ka duba shi da kyau za ka iya ganin tsaga kamar gizo-gizo a cikin ƙwayoyin, ko tabo ruwan ƙasa, ko wurin da ruwa ya shiga ta gefe, musamman idan ana taka shi ko ana ɗora masa kwandon kifi. Game da zancen jabu kuma, tef ɗin awo yana taimakawa: farantan zamanin nan suna ba da kimanin wat 180 zuwa 210 a kan kowace murabba'in mita, don haka na wat 100 na gaskiya zai kai kusan rabin murabba'in mita, wato kusan mita ɗaya a tsawo da rabin mita a faɗi. Wanda ya fi wannan ƙanƙanta sosai amma aka rubuta masa 100, takardar ce ta yi ƙarya.

Abin da na fi zargi a ɓangaren da wuta take biyowa shi ne wayar nan ta mita shida, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, saboda zafi da waya suna haɗa kai ta hanyar da ba kowa ya sani ba. Faranti a ƙarƙashin rana yana kai digiri 55 zuwa 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, mafi yawa ta fuskar volt. A digiri 60, volt 18 ɗin nan ya koma kusan 15.5. Batir kuwa yana buƙatar a kai shi 14.4 kafin ya cika da gaske. Tazarar da ta rage ke nan kusan volt ɗaya ce kawai, kuma ita ce jarin da waya da mahaɗai suke ci. Mita shida zuwa da mita shida dawowa mita 12 ne. Idan wayar siririya ce mai kaurin murabba'in milimita 1.5, irin wadda ake ja wa fitilun ɗaki, za ta cinye kusan volt 0.8 a amp biyar da rabi. Mai kaurin 4 ba za ta ci fiye da 0.3 ba, mai kaurin 6 kuma kusan 0.2. Wannan lissafin na sabuwar wayar jan ƙarfe zalla ne. A kasuwa akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama, wadda ta fi tauye wuta kuma iskar gishiri take mayar da ita gari cikin 'yan watanni. Ka kankare silin guda da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki ka san abin da aka ba ka. Araha ba ta ado, musamman a kan teku.

Siririyar waya ita kaɗai ba za ta saukar da kai zuwa amp 1.8 ba, amma mahaɗi guda da ya ruɓe zai iya. Ka bi wayar da hannu tun daga faranti, ka kwance duk wurin da aka murɗa wayoyi biyu aka naɗe da baƙin salatif. Sau da yawa abin da ake tararwa a ƙarƙashin salatif ɗin shi ne silallan da suka koma kore ko baƙi, suna ruburbushewa a yatsa, da ɗan danshin gishiri da ya kwanta a ciki, har ma ruɓar ta bi cikin robar ta yi nisan taƙi guda. A kan batir kuma za ka ga farin gari ko shuɗi-shuɗi ya taru a gindin kan, ko kuma an maƙala waya da ɗan maƙalin nan mai haƙora da ake cajin mota da shi, wanda bai dace da jirgin da igiyar ruwa take jijjigawa ba. Hanyar kama ɓarawon ita ce a auna volt a bakin faranti, a bakin kwantirola, da kan batir, duk a lokacin da caji yake tafiya. Inda aka sami gibin da ya wuce rabin volt, nan ne wutar take zuba. Mahaɗin da ya ɗauki ɗumi idan an taɓa shi ma ya tona kansa. Maganin shi ne a yanke har sai an iske jan ƙarfe mai sheƙi, a sa waya mai kaurin 4 ko 6, in da hali irin wadda aka shafa wa kuza don aikin ruwa, a matse bakuna da zoben ƙarfe da noti, a shafa man basilin ko girisi a kai. Kwantirola ta zauna kusa da batir, a cikin akwatin da ruwa ba ya fantsamawa, domin idan wayar da ke tsakaninsu ta yi tsawo ko ta ruɓe, kwantirolar za ta ga 14.4 alhali batir yana 13.6, ta rage caji tun bai ƙoshi ba. A sa fiyus kusa da kan batir mai alamar tarawa. Idan za a mayar da haɗi kuma, batir ake fara haɗawa da kwantirola sannan faranti, wajen kwancewa kuwa faranti ake fara cirewa.

Yanzu sai baturan, kuma a nan, Alhaji, ina jin akwai labarin da ba zai yi maka daɗi ba. Haɗa tsohon batir da sabo wuri ɗaya yana sa tsohon ya riƙa zuƙar sabon dare da rana har ya ja shi zuwa matsayinsa. Ka raba su, ka bar su su huta na wasu awanni ba caji ba kaya, sannan ka auna kowanne. Cikakken batir yana nuna 12.6 zuwa 12.7, wanda ya kai rabi yana wajen 12.2, wanda ya gaza 12 ya yi nisa da yunwa, wanda kuma ya tsaya a wajen 10.5 ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu sauran magani. Bayan haka, batirin mota an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, nan take kuma a mayar masa. Ba a yi shi don a tatse shi duk dare ba. Batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishirin dalma yana daskarewa a jikin farantansa na ciki ya ƙi narkewa, sai cikinsa ya ƙanƙance. Alamarsa ita ce da rana ta ɗan ɗaga sai ya haura 14.4 cikin sauri kamar ya cika, kwantirola ta rage wuta zuwa amp ɗaya ko biyu, da dare kuma ya faɗi cikin awa biyu ko uku. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana ƙwarai, kuma shi ya sa na nemi lambar da ba ka kawo ba. Idan masu murfi ne, a duba ruwansu, a cika da tataccen ruwan batir kaɗai, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. A ajiye su inda iska take shiga, nesa da jarkokin man inji da masu shan taba, domin batir mai caji yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Ko da an gyara duk waɗannan, akwai lissafin da tun ranar farko bai daidaita ba, kuma a ganina shi ne tushen ciwon. Fitilu huɗu masu wat 10, idan sun yi awa takwas, sun ci kusan amp-awa 27 (amp-awa ɗaya shi ne wutar amp ɗaya na tsawon awa ɗaya). Wayoyi takwas za su ci wajen 10. Idan aka ƙara rediyo da na'urar nuna hanya, abin da ake cira kowane dare ya kai 40 ko ya wuce. Farantinka kuwa, idan aka tara hasken yinin Accra gaba ɗaya ya zama kamar awa huɗu da rabi zuwa biyar na cikakkiyar rana, abin da zai mayar a rana mai kyau bai wuce amp-awa 25 ba, kuma batirin dalma ba ya riƙe duk abin da aka zuba masa. A watan Yuni da ruwa ya fi sauka, da Yuli da Agusta da gajimare yake kwana a bakin teku, abin yana raguwa sosai, ga shi kuma lokacin ne kifi yake yawa, aka fi kwana a ruwa. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu shi ma yana rage haske, ya kuma shimfiɗa ƙura a kan gilashi. Watannin farko da ka ce komai lafiya, ajiyar da ke cikin baturan ake ci a hankali, tare da ranakun hutu da suke ɗan cike giɓin. Da ajiyar ta ƙare sai ciwon ya fito fili.

Don haka, idan awo ya wanke farantin, kuɗin da za ka kashe a kan maye gurbinsa ka ƙara masa ɗan'uwa mai irin lambobinsa, su zama wat 200, bayan ka tabbatar kwantirolar tana ɗaukar aƙalla amp 20. Ka cire tsohon batirin mota daga tsarin baki ɗaya. Sabon kuma a kai shi tudu a yi masa cikakken caji da wutar gida, a gwada shi da kaya a ga ko ya farfaɗo. Idan za ka sake saye, ka nemi irin wanda aka yi don sola, mai jure tatsa, kuma ka gargaɗi masunta kada su riƙa wuce rabinsa. Rage fitilun zuwa masu wat biyar zai sauƙaƙa kusan amp-awa 13 kowane dare, wanda ya fi rabin abin da faranti guda yake samarwa a yini. Akwai kuma wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da jirgin da ke fita da yamma ya dawo da safe: a kafa farantan a kan rufin rumfa a tudu, a ɗan karkata su kamar digiri 10 don ruwan sama ya riƙa wanke su, a riƙa sauya batura biyu, ɗaya yana ruwa ɗaya yana caji. Da haka an huta da inuwar tutoci da gishiri da takawa gaba ɗaya. Ina ɗauka fitilun naka na aiki ne a cikin jirgi da na sanar da sauran jirage inda kuke, domin dokokin kamun kifi na 2010 sun haramta jawo kifi da hasken fitila a ruwan Ghana. Idan aikin ya fi ƙarfin mai gyaran unguwa, Hukumar Makamashi ta ƙasa tana ba masu haɗa sola lasisi a ƙarƙashin dokar makamashi mai sabuntawa ta 2011, kuma ba laifi ba ne ka nemi ganin takardar mutum kafin ka ba shi aiki.

TAMBAYA

Ni mai sayar da busasshen kifi ce a Nima, kuma ina da jirgi a tafkin Volta wajen Yeji. Kwantirolarmu ta ƙone, sai yaran suka haɗa faranti da batir kai tsaye, suka ce ma ya fi saurin cika. In bar su haka?

Mai karatu daga Nima

AMSA

Hajiya, kada ki bar su. Faranti mai wat 80 ko 100 ba ya sanin batir ya cika, zai ci gaba da turawa har volt ya haura 15 ko 16, ruwan batir ya riƙa tafasa yana ƙafewa, farantan ciki su lalace. Idan batirin rufaffe ne wanda ba a ƙara masa ruwa, zai kumbura, kuma ba ya dawowa. Da dare kuma, idan babu abin da ya tare hanya, wuta kaɗan tana komawa daga batir zuwa faranti. Abin da yaran suka gani suka kira saurin cika shi ne hawan volt, wanda ba shi ne cika ba. Kuɗin ƙaramar kwantirola bai kai kusa da kuɗin batir ba. Kafin a sa sabuwa, a binciki abin da ya ƙone ta farko: yawanci ko an juya wayoyi, ko an cire batir an bar faranti a haɗe, ko ruwa ya shiga, ko kuma an rataya mata kayan da suka fi ƙarfinta, kamar inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, wadda ya kamata a haɗa ta da batir kai tsaye ta hanyar fiyus nata.

TAMBAYA

Malam, an ce mini idan na sauya kwantirola zuwa MPPT wutar za ta ninka. Gaskiya ne? Na ga wata mai araha a wajen masu kayan wuta na Opera Square.

Mai karatu daga Madina Zongo

AMSA

Ɗan'uwa, ba ta ninkawa. MPPT tana barin faranti ya yi aiki a volt ɗin da ya fi ba da ƙarfi, sannan ta juya rarar volt ɗin zuwa ƙarin amp. A ƙasashe masu sanyi ribar tana iya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, amma a zafinmu, inda faranti mai ƙwayoyi 36 ya riga ya sauko kusa da volt 15.5, rarar kaɗan ce, kuma ribar ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Inda ta zama dole shi ne idan farantinka babba ne irin na rufin gida, mai aiki a volt 30 zuwa 40, kana son cajin batir mai volt 12 da shi, domin PWM za ta zubar da fiye da rabin ƙarfinsa. Tana kuma da amfani idan tazara ta yi nisa, saboda za ka iya jera faranti biyu ɗaya bayan ɗaya, volt ya ƙaru, asarar waya ta ragu.

Game da mai arahar da ka gani, ka ɗauke ta a hannu ka ji nauyinta. MPPT ta gaskiya tana da naɗin jan ƙarfe mai kauri a ciki da ƙarfen fitar da zafi a baya, kuma takardarta tana faɗin iyakar volt ɗin faranti da take karɓa, kamar 75 ko 100. Idan an haɗa ta, volt ɗin gefen faranti zai fi na batir a fili, amp ɗin da ke shiga batir kuma zai fi wanda ke fitowa daga faranti. Idan lambobin gefe biyun suka zo kusan ɗaya a lokacin da batir bai cika ba, PWM ce aka sauya wa suna, sai ka mayar wa mai shago tun rasit yana hannunka.